Yadda za ki gane kaurin fatar hancinki, da abin da za ki kiyaye

Hanci ƙashi ne daga sama, guringuntsi daga ƙasa, fata ta lulluɓe su. Fatar ba kaurinta ɗaya ba: a tsakiyar karan hanci ta fi siranta, a kan hanci kuwa, wato tsininsa, ta fi kauri da yawan maiƙo. Shi ya sa mata biyu za su iya samun guringuntsi iri ɗaya, amma ɗaya a ce hancinta har baka, ɗayar a ga nata a dunƙule.

Ki wanke fuska da sabulu marar ƙarfi, kada ki shafa komai, ki jira minti 30. Sai ki tsaya gaban madubi a hasken rana, ki ɗan kama fatar kan hancin da yatsu biyu. In ta ɗago da sauƙi, kina jin gefen guringuntsin a ƙarƙashinta, siririya ce. In ta cika yatsun, ga ramukan fata a bayyane, ga ƙyallin maiƙo, mai kauri ce. Kada ki yi gwajin lokacin mura, ko da ƙurji a wurin, kumburi zai ruɗe ki.

Kaurin nan gado ne. Gasa hancin jariri da ruwan ɗumi ana ja, kamar yadda ake yi a gidajenmu na Gombe, ba ya ƙara tsawo, sai dai a ƙona yaro. Matse ƙuraje kuma yana barin tabo da baƙin tambari. Wanda ya fi ɓarna shi ne man bilicin mai sinadarin clobetasol: yana cinye fata har jijiyoyin jini su fito, rauni ya daina warkewa da wuri. Wannan lalacewa ce, ko da hancin ya yi kamar ya sirance.

Mai tunanin tiyata ta san cewa fata mai kauri tana ɓoye gyaran da aka yi a ciki, kumburin kan hanci kuma kan kai shekara ko fiye kafin ya sace. Siririyar fata tana sacewa da wuri, amma ƙaramin tudu ma sai ya nuna. In jikinki na yin tabo mai tasowa, kamar bayan hudar kunne, ki faɗa wa likita tun farko.

Idan kan hanci ya fara yin ja yana ƙara kauri da tudu-tudu, musamman ga maza masu shekaru, a je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe a duba.