Darasi na 9: Auna Hannunki a Ɗinkin Bargon Ƙyallaye

Uwargida, kin yi makonni kina haɗa ƙyallayen da kika samo a shagon tela. Yanzu za ki san inda hannunki ya kai. Kada ki tambayi maƙwabciya, za ta ce ya yi kyau don kada ranki ya ɓaci. Tef ɗin awo ne ba ya jin kunyar kowa.

Ki tanadi tef, almakashi, alli, kwali, allura da zare, dutsen guga, da guntayen atamfa waɗanda kika wanke kika goge.

Kashi na ɗaya: karanta tef

Tef yana da fuska biyu. Fuskar da lambobinta suke manya, suka tsaya a 60, ita ce ta inci, kuma da ita teloli suke aiki. Ɗaya fuskar ta santimita ce. Ki bar ta.

Ki ɗora yatsa a kan 1. Ki ɗora wani a kan 2. Tsakaninsu akwai ƙananan layuka. Na tsakiya ya fi sauran tsawo. Daga 1 zuwa wannan layi shi ne rabin inci. Ki nemo shi tsakanin 2 da 3, sannan tsakanin 3 da 4. Idan ba ki gan shi ba, ba laifi, ki tsaya nan har ki gan shi. Duk darasin yau a kansa yake.

Kashi na biyu: gwajin ƙyalle uku

Ki yanka kwali mai kusurwa huɗu, tsawo inci 5, faɗi inci 5. Ki ɗora shi a kan atamfa, ki zagaye da alli, ki yanka a kan layin. Ki yanka guda uku.

Ki ɗauki ɗaya ki kifa shi, bayansa yana sama. Daga bakinsa ki auna rabin inci, ki sa ɗigon alli a sama. Ki sake aunawa a tsakiya, ki sa ɗigo. Ki sake a ƙasa. Ki haɗa ɗigon uku da layi, kina bin gefen kwali. Wannan layi shi ne hanyar allura. Abin da ya rage tsakaninsa da baki, shi ne rarar ɗinki.

Ki haɗa ƙyalle biyu fuska da fuska, baki daidai da baki. Ki ɗinka a kan layin alli. A kansa, ba kusa da shi ba. Ki auna rabin inci a na uku, ki ja layi, ki haɗa shi haka nan. Ki buɗe, ki goge, ki shimfiɗa a kan faranti ko tabarma mai laushi, kada ki ja.

Ki auna daga wannan baki zuwa wancan. Ya kamata tef ya nuna 13. Ga dalili: 5 sau uku 15 ne. Kowane ɗinki yana cin rabin inci daga ƙyallen dama, rabi daga na hagu, wato inci ɗaya. Ɗinki biyu kika yi, sun ci inci biyu. A cire 2 daga 15, saura 13. Ƙyallen tsakiya kuma ya nuna 4.

Idan kin sami 13 cif, ki sake gwajin sau biyu. In duk ukun sun ba ki 13, hannunki ya faɗa. Idan kin kuskure da ƙaramin layi ɗaya ko biyu, kin fara iyawa, madalla. Idan kin ga 12 da rabi, ko 14, har yanzu ke mai koyo ce, kuma babu abin kunya. Kowace gwana daga nan ta tashi.

Inda kusan kowa ke tuntuɓe shi ne wannan rabin incin. Ana auna na farko, a auna na biyu, daga na uku sai a ce ido ya saba. Ido bai saba ba. Ki ce allurarki ta shiga ciki da ƙaramin layi ɗaya na tef, wato kashi ɗaya cikin takwas na inci. Ba a ko ganinsa. Amma ƙyalle biyu ya ci, don haka kwata na inci ya tafi. Jere mai ƙyalle 12 yana da ɗinki 11. Kin yi asarar kusan inci uku a jere guda. Jere na gaba kuma allura ta fita waje, ya yi tsawo. Shi ne za ki ga mace tana jan wannan, tana tattare wancan, a ƙarshe bargo ya fito kamar kunnen giwa, ta ce atamfar ce ba ta da kyau. Atamfa ba ta yi komai ba.

Saboda haka: a auna rabin inci, a sa ɗigo uku, a ja layi, a ɗinka a kai. Ƙyalle na farko, a auna. Na hamsin, a auna. Mai keken ɗinki ta manna takarda a farantin keke, rabin inci daga allura, bakin ƙyalle ya riƙa binta.

Haba 'yan'uwa, an faɗa, an sake faɗa, amma kowane mako sai an ga aiki babu ko alamar alli a bayansa. Alli nawa yake? Wadda ta ƙi jan layi, ta shirya warware ɗinki da reza.

Kashi na uku: mararraba

Ki haɗa ƙyalle huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Inda huɗun suka haɗu ya zama kamar mararrabar hanya, layi ya miƙe ta kowane gefe. Ki kwantar da rarar sama zuwa dama da guga, ta ƙasa zuwa hagu, don kada wurin ya yi ƙullutu. Idan layukan sun saɓa, ki koma kashi na biyu. Rabin incin ne.

Kashi na huɗu: ɗinkin shimfiɗa uku

Zani a ƙasa, auduga ko tsohon bargo a tsakiya, haɗin ƙyallaye a sama. Irin aikin da ake yi wa lifidin doki da audugar rimi ke nan. Ki ɗinke ukun tare, layi-layi, ki fara daga tsakiya zuwa baki, in ba haka ba ƙasa zai tattare. Tsakanin layi da layi kada ya wuce faɗin tafin hannu, don kada auduga ta dunƙule. Ki ƙirga takun allura cikin inci ɗaya: 4 ko 5 na mai koyo ne, 8 na gwana. Daidaituwarsu ta fi yawansu.

Kashi na biyar: wanki

Ki wanke, ki shanya. In ya yamutse, mai yiwuwa kin haɗa atamfa da yadin roba. In launi ya zuba, ba ki wanke ƙyallayen tun farko ba.

Kowa ta zo da gwajin ƙyalle uku a zama na gaba, da layin alli a bayansa.