Yadda za ka gane bakin ƙwaro daga ɓarnar da ya yi

Kafin ka sayi magani, fara duba ganyen tukuna, don bakin ƙwaro daidai da abincinsa yake. In ka ga an ɓula ganye ko an gaigaye gefensa, to mai taunawa ne, irin su fara da tsutsa. In kuwa ba rami amma ganyen ya nannaɗe ya yi ɗorawa, ga wani danƙo-danƙo a jiki, masu tsotsa ne irin darɓa da farin ƙuda, bakinsu kamar allura, suna sokawa har jijiyar da ruwan abinci ke bi.

Sai ka kama ɗaya, ka samu gilashin ƙara girma ko kyamarar waya ma ta isa. Farar da ke cin masara da dangin ciyawa, muƙamuƙinta na da faɗi da tudu-tudu na niƙa, saboda ganyen akwai silika a ciki mai tauri kamar yashi har haƙoran kan lalace, ita kuwa mai cin ganye mai laushi nata masu tsini ne na yanka kawai.

Abin mamaki wallahi, bakin yana canzawa. A Florida ta Amurka akwai wani ƙwaro mai tsotson iri, da ya koma kan wata bishiya da aka shigo da ita mai siririn kwasfa, cikin 'yan shekaru gommai bakin jikokinsa ya gajarta.

Mai tsotsa dai, maganin da ke shiga jikin shuka ya fi kama shi, ka kuma riƙa juya ganye kana duba ƙasansa.