Hawan Gangirwal cikin ruwa: kurakuran da mu 'yan Gombe da Bauchi muka fi yi

Duk wanda ya tashi a Gombe ko Bauchi, idan aka ce masa daji, Yankari ce ke faɗo masa a rai: fili shimfiɗe, mota ta zagaya da kai, ka hango giwa ko gwanki, da yamma ka tsunduma cikin ruwan Wikki mai ɗumi. Da wannan tunanin yawancinmu ke haɗa jaka idan aka shirya tafiyar kwanaki zuwa Gashaka-Gumti, kuma tun daga nan ake fara yin kuskure. Gashaka-Gumti shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya, an kafa shi a 1991, ya ratsa Taraba da Adamawa har bakin iyakar Kamaru. Kudancinsa duwatsu ne da kurmi mai duhu, kuma can ne Chappal Waddi yake, wanda ake kira Gangirwal, mai tsayin mita 2,419, babu inda ya fi shi tudu a ƙasar nan. Mota ba ta kai ka. Ƙafarka ce, da ɗan jagora a gaba, kwana da kwanaki.

Kuskuren farko tun a gida ake yin sa, wajen sa rana. Mukan duba lokacin da muke da sarari, hutun makaranta na watan Agusta ko hutun salla, mu ce shi ke nan. To, damina a can tana riga tamu sauka, tana kuma daɗewa bayan tamu ta ɗauke: daga wajen Afrilu har zuwa Nuwamba ana cikin ruwa. A tsakiyarta koguna kan cika su datse hanya. Daga Disamba zuwa Maris ne lokacin da ya fi sauƙi, amma ko a lokacin, raɓa da gajimaren kan tudu sun isa su jiƙa mutum sharkaf. Sannan hanyar kanta aiki ce. Daga Gombe ka bi Kaltungo, Numan, Jalingo, Bali, kafin ka kai Serti inda hedikwatar gandun take, inda ake karɓar izini a haɗa ku da ma'aikacin da zai raka ku. Kada a sa ranar isowa ta zama ranar fara hawa. A kwana, a huta.

Babban abin da ke kayar da mu shi ne sanyi, kuma shi ne abin da muka fi rainawa. Mu mutanen zafi ne, sanyin da muka sani na hunturu ne, busasshe, wanda rigar sanyi ɗaya ke maganinsa. Na kan dutse jiƙaƙƙe ne. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri shida da rabi. Garin Gombe bai wuce mita 500 daga bakin teku ba, ka ga tsakaninsa da ƙololuwar Gangirwal akwai fiye da digiri goma, kafin ma a zo maganar iska da ruwa. Yanzu ka ɗora wa wannan wandon jins da rigar auduga. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, ta manne a jiki tana zuƙe ɗumin mutum, kuma a kurmi ba ta bushewa, ko ka shanya ta kwana biyu. Rigar ƙwallon nan da muke sawa mu je gidan kallo ta fi ta amfani nesa ba kusa ba, don zarenta na roba ne, nan da nan take tsanewa. A layin 'yan gwanjo za ka samu wando mara nauyi irin wannan, da rigar ruwa, da suwaita mai kauri.

Dabarar kuwa ita ce kaya kashi biyu. Kashi ɗaya na tafiya, wanda ka riga ka sallama wa ruwa. Kashi ɗaya na barci, a ƙulle cikin leda, ba ya fitowa sai cikin tanti. Abin da ke da wuya shi ne da asuba ka cire busassun ka mayar da jiƙaƙƙun na jiya. Wallahi babu daɗi. Amma wanda ya ji tausayin kansa ya fita da busassun, kafin azahar ba shi da busasshen kaya ko ɗaya, kuma daren ranar zai gane kurensa. Idan ka ga abokin tafiya yana karkarwa ba tsayawa, yana tuntuɓe, maganarsa na sarƙewa, yatsunsa sun kasa ɓalle maɓalli, kada a ce masa ya daure. A tsaya, a kafa tanti, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a rufe shi, a ba shi shayi mai zafi da sukari idan yana iya sha da kansa.

Jakar goyo, ko mai sayarwa ya rantse maka ba ta shan ruwa, tana sha. Ka zura babbar leda mai kauri a ciki kafin ka zuba kaya, waya da ashana da magani kuma kowanne da tasa ƙaramar ledar. Lema kam ka bar ta a gida, rassa za su yaga ta tun ranar farko, ga shi kana bukatar hannunka don sanda.

Sai takalmi. Mutum ya sayi sabo fil ana gobe tafiya, don a gan shi da shi a hoto. Kafin yamma bororo ya fito masa a dunduniya, ruwa ya shiga, fata ta saɓule. Takalmin da za ka hau dutse da shi, ka yi makonni kana yawo da shi tukuna. Ga duwatsun Tula nan kusa da mu, mutanen Bauchi kuma duwatsu sun kewaye garinsu. Ka ɗauki jaka da nauyinta ka hau ka sauka sau da yawa, ka ji inda takalmin yake cizonka tun kana kusa da gida. Ƙasansa ya zama mai haƙora, don laka da jiƙaƙƙen saiwa santsi gare su kamar miyar kuɓewa. Da dare a wanke ƙafa, a tsane tsakanin yatsu, a shafa man kaɗanya, a sa silifas ta sha iska.

Inda na fi jin tsoro shi ne bakin rafi, don a nan ne taurin kai ke kisa. A tafiyata ta farko mun iso wata ƙorama bayan la'asar, ruwanta bai kai gwiwa ba, masauƙinmu kuma yana tsallake. Dattijon da ke mana jagora ya tsaya ya dubi ruwan, ya ɗaga kai ya dubi tudu, ya ce a nan za a kwana. Na ce, "Haba Baba, wannan ɗan ruwan?" Ya ce, "Ɗana, dubi launinsa." Ruwan ya fara yin ja, yana tafe da ganye da ƙirare. Inda muke ko ɗigo bai sauka ba, ashe can sama aka tafka shi. Kafin mu gama kafa tanti ƙoramar ta zama kogi, muna jin duwatsu na gwaruwa a cikinta. Da gari ya waye ta koma yadda take, muka haye. Rafin dutse haka yake, da sauri yake cika, da sauri yake janyewa, saboda haka jira shi ne maganinsa. In za a haye, a kwance ɗamarar jaka ta ƙugu don a iya yar da ita in an faɗi, a fuskanci inda ruwa ke fitowa, a dogara da sanda, kuma kada a cire takalmi. Saurin cikar rafi ne ma ya sa ba a kafa tanti a kan yashin bakin rafi, komai kyawun shimfiɗarsa. Haka in hadari ya haɗu kuna kan tudun ciyawa, ku gangara, don aradu abin da ya fi tsayi take nema.

Ruwan sha ma yana yaudara. Ka gan shi garai-garai, sanyi kamar daga randa, ka kafa kai. A kan tuddan nan akwai rugage da shanu, abin da suka bari kuma ruwa ne ke gangarowa da shi. A tafasa, in an haura mita 2,000 a bar shi ya yi minti uku yana tafasa. Gudawa a tsakiyar kurmi ba abin wasa ba ce, don haka a tafi da ƙunshin gishiri da sukari na kemis. In ya ƙare, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya na tafasasshen ruwa.

Mukan tafi da tsoron damisa, alhali masu damunmu ƙanana ne: ƙudan tsando, sauro, matsattsaku a wuraren danshi, da kwarkwasa wadda in ka taka layinta sai ka tuɓe wando. Dogon hannu, a cusa ƙafar wando cikin safa, a zazzage takalmi kafin a sa da safe. Maciji kuwa, mu da ke da asibitin saran maciji a Kaltungo bai kamata a koya mana ba, amma har yanzu muna ɗaurewa da tsagawa da tsotsa. Duk ba a yi. A hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum a nufi asibiti.

Abinci: an taɓa zuwa da rabin buhun shinkafa da babbar tukunya, aka manta itacen kurmi a jiƙe yake. A riƙe abin da ba ya bukatar wuta, dambun nama, kilishi, daƙuwa, gyaɗa, dabino, garin kwaki, a bar girki sau ɗaya da dare, da ƙaramin risho in da hali. 'Yan dako kuma a daidaita kuɗinsu da nauyin kayansu kafin a ɗaga, a lissafa cikinsu a cikin abincin. Ɗan Gombe mai jin Fulatanci ya yi amfani da shi, zai ga yadda hira ke buɗewa. Mai son ganin birin nan cimfanzi, wanda gandun ya yi suna da shi, ya kashe sifikarsa ya rage surutu, ko da yake sau da yawa kukansu kawai ake ji daga nesa.

Waya ba ta da sabis a mafi yawan hanyar, saboda haka a gaya wa na gida ranar da za su fara jiran kira, a ƙara kwana ɗaya ko biyu a kai don kada hankalinsu ya tashi a banza. Duhu kuma yana riga magariba shigowa ƙarƙashin itatuwa, gara a isa masauƙi da la'asar. Matafiyi yana da rangwamen kasaru, ya tambayi malaminsa hukuncin haɗa salloli kafin ya bar gida.

Ranar saukowa ce aka fi faɗuwa. An kai ƙololuwa, an yi hoto, hankali ya koma gida, kowa na sauri. Gwiwa ta gaji, gangare ga santsi, jaka na tura mutum gaba. A taƙaita taku, a sa sanda gaba kafin ƙafa, a bar tazara tsakanin mutum da mutum don kada wanda ya zame ya kwashi na gabansa. Kuɗin motar komawa daga Serti, da na kwana ɗaya na ko-ta-kwana, a ware su a leda daban tun ranar farko.