Yadda ɗan ƙaramar jam'iyya a Amurka zai yaƙi ƙuduri ta jaridar garinsu

A 2010 jam'iyyun Green da Libertarian a Kalifoniya sun yaƙi Proposition 14, ƙudurin da aka miƙa wa masu zaɓe su kaɗa ƙuri'a a kansa, wanda ya bar 'yan takara biyu kacal a babban zaɓe. Duk da haka ya wuce. In za ka shiga irin wannan fafutuka:

1. Karanta ƙudurin a littafin da jiha ke aika wa masu zaɓe, ka rabu da tallar talabijin.
2. Rubuta wa edita gajeriyar wasiƙa. Hujja ɗaya tak: wa zai cutu, ta yaya? Lambar ƙudurin ta zo a layin farko. Faɗi jam'iyyarka, ai ɓoyewa ba ta da amfani.
3. Aika tun kafin a fara raba ƙuri'u ta gidan waya.
4. In ka ji shiru, buga wa ɗakin labarai waya da safe.