Yadda Ake Nazarin Aƙidar Yahudawan Dā Kan Lahira da Tsoron da Suke Yi wa Waɗanda Suka Fice Daga Cikinsu

Duk wanda ya ƙuduri aniyar sanin abin da Yahudawan dā suka yi imani da shi game da makomar mutum bayan mutuwa, abu na farko da zai ajiye a gefe shi ne zaton cewa amsa guda ɗaya ce take jiransa. Rubuce-rubucen da zai buɗe sun ratsa fiye da shekara dubu, an yi su da Ibrananci da Aramiyanci da Girkanci, kuma mutanen da suka rubuta su ba su yarda da juna ba. Hanyar da ta fi fitar da mai nazari daga ruɗani ita ce ya jera nassosin bisa zamaninsu, sannan ya yi wa kowanne tambaya uku: wa ya rubuta shi, da wa yake jayayya, wa kuma yake tsoro. Ta ukun ce aka fi mantawa da ita, alhali kuwa ita ce take bayyana dalilin da ya sa, a duk inda aka lissafa waɗanda ba su da rabo a lahira, sai ka tarar da ɗan gida da ya juya baya a sahun gaba.

Ka fara da mafi tsufan nassosi, kada kuma ka shigo musu da aljanna da wutar da ka riga ka sani daga naka addinin. A littattafan Ibrananci na farko, matattu suna gangarawa ne wani wuri da ake kira Sheol, wanda aka ambata sama da sau 60. Littafin Ayuba ya siffanta shi da ƙasar duhu, Zabura ta ce matattu ba sa yabon Ubangiji, kuma Annabi Yakubu, da aka kawo masa rigar ɗansa Yusufu jina-jina, cewa ya yi zai gangara can yana makoki. Ka karanta sura ta 28 ta littafin Sama'ila na farko a tsanake. Sarki Saul ya je wurin wata mai kiran matattu a Endor da dare, ya ɓad da kama, aka taso masa da Sama'ila, wanda ya fara da tambayar dalilin da ya sa aka dame shi, ya kuma ƙare da shaida wa sarkin cewa gobe shi da 'ya'yansa za su kasance tare da shi. Annabin da ya yi biyayya da sarkin da aka tsige daga falala, masauki ɗaya ne yake jiransu. Sakamakon aiki a wannan mataki a duniya ake ganinsa, ta hanyar tsawon rai da zuriya da kyakkyawan suna.

Ka haɗa wannan karatu da abin da masu tonon tarihi suka gano. A 1979 an buɗe kaburburan dutse na Ketef Hinnom a Urushalima, na wajen ƙarni na 7 zuwa na 6 kafin haihuwar Annabi Isa. Ana kwantar da mamaci a kan dakalin da aka sassaƙa, har da gurbin ɗora kai, idan naman ya zagwanye sai a kwashe ƙasusuwan a zuba a wani rami da ke ƙarƙashin dakalin, a kan na iyaye da kakanni, domin a sami wurin wani. Wanda ya san wannan zai fahimci abin da nassi yake nufi idan ya ce an tara mutum ga mutanensa.

Daga nan sai ka nufi zamanin da aka kwashe Yahudawa zuwa Babila, bayan rushe Haikali, babban ɗakin ibadarsu na Urushalima, a wajen 586 kafin haihuwar Annabi Isa. A nan akwai tarko. Wahayin Ezekiyel na kwarin busassun ƙasusuwa, a sura ta 37, ana yawan kafa hujja da shi kan tashin matattu, amma surar da kanta ta fassara ƙasusuwan da cewa su ne dukan gidan Isra'ila, wato maganar farfaɗowar al'umma ce bayan bauta. Nassin da ya fito fili da tashin ɗaiɗaikun mutane shi ne sura ta 12 ta littafin Daniyel, wadda akasarin masana suke danganta rubuta ta da wajen 165 kafin haihuwar Annabi Isa, shekarun da Sarki Antiyokus na Huɗu, na daular Girkawa, ya ƙazantar da Haikali ya kuma hana bin Attaura. Ka lura da kalmar da aka yi amfani da ita: da yawa daga masu barci a cikin ƙura za su farka, waɗansu zuwa rai madawwami, waɗansu zuwa kunya. Ba a ce kowa da kowa ba.

Ya kamata ka daɗe a kan wannan zamani, domin a nan ne zaren biyu, wato aƙidar lahira da tsoron masu ficewa, suka fara sarƙewa. Tsohuwar koyarwa ta ce mai biyayya yakan yi tsawon rai, sai ga shi masu biyayyar ne ake yankawa da ƙuruciyarsu, waɗanda suka sassauta kuwa suna samun muƙami. Littafin Makabiyawa na biyu, a sura ta 7, ya kawo labarin wata uwa da 'ya'yanta bakwai da aka kashe ɗaya bayan ɗaya saboda sun ƙi cin naman alade. Na ukunsu ya miƙa harshensa da hannuwansa ga masu yanka, yana cewa daga Sama ya same su, kuma daga can yake sa ran a mayar masa da su. Tashin jiki ne sosai, gaɓa da gaɓa. Sai ka buɗe surar farko ta Makabiyawa na ɗaya, ka ga cewa tun kafin a zo kan zaluncin sarki, marubucin ya ɗora laifin a kan waɗansu Yahudawa da suka je wurinsa da ƙafarsu suna neman izinin bin al'adun Girkawa. A idonsa, ta cikin gida ɓarnar ta shigo.

Kada ka ɗauka cewa sabuwar aƙidar ta share tsohuwar nan take. Ben Sira, wanda ya yi rubutu a Urushalima a wajen 180 kafin haihuwar Annabi Isa, yana nan a kan tsohon ra'ayi, alhali sura ta 22 ta littafin Anuhu na farko, wadda ta girme shi, ta riga ta raba rayukan matattu a ramuka daban-daban suna jiran hukunci. Yahudawan Iskandariya masu Girkanci, irin su masanin falsafa Filo, sun fi karkata ga dawwamar rai ba tare da jiki ba. Haka nan, idan ka ci karo da labarin cewa kwarin Hinnom da ke gefen Urushalima, wanda ya zama sunan wurin azaba, juji ne da wuta ba ta mutuwa a cikinsa, ka sani cewa a sharhin tsakiyar zamanai aka fara jin wannan. Abin da Irmiya ya faɗa shi ne an ƙona 'ya'ya a can domin bautar gumaka.

Mataki na gaba shi ne ƙungiyoyin ƙarni na farko, kuma a nan dole ka bi ta hannun Yusifus, Bayahude marubucin tarihi, wanda aka haifa a shekara ta 37 bayan haihuwar Annabi Isa. Shi ya ce Farisiyawa sun yarda da sakamako bayan mutuwa, Sadukiyawa sun ce rai yana ƙarewa tare da jiki, Isiniyawa kuma sun yarda da dawwamar rai. Ka karɓi wannan da taka tsantsan. Yana yi wa masu karatun Girkanci bayani ne da ma'aunin falsafarsu, kuma babu wani rubutu da aka tabbatar na Sadukiyawa ne da ya iso gare mu, sai abin da abokan hamayyarsu suka faɗa, waƙa kuwa a bakin mai ita ta fi daɗi. Shi kansa Yusifus kwamandan 'yan tawaye ne a Galili da ya miƙa wuya ga Romawa a shekara ta 67, ya tsaya a gefensu lokacin da aka kewaye Urushalima. Dogon jawabin dawwamar rai da ya sa a bakin Ele'azara, jagoran 'yan tawayen da Romawa suka kewaye a sansanin Masada, kafin mutuwar mutum 960 da ya ambata, bai ji shi da kunnensa ba.

Yanzu ka shiga naɗaɗɗun littattafan da aka gano a kogunan Kumran, bakin Tekun Gishiri, daga 1947 zuwa 1956. Kundin dokokin jama'ar da ta mallaki littattafan ya ce wanda ya cika shekara 10 a cikinsu sannan ya ci amana, ba zai sake dawowa ba har abada, kuma a bikin sabunta alkawari ana la'antar mai shiga da zuciya biyu da hallaka madawwamiya. Sharhinsu na littafin Habakuk ya yi maganar maciya amana da suka bi wani da suka laƙaba wa Maƙaryaci, da kuma Mugun Firist da ya bi malaminsu har wurin gudun hijirarsa a Ranar Kafara. Ka raba waɗannan biyun, domin laifin na farko ɓatar da mutane ne, wanda ya zo da ƙarfi kuwa mai riƙe da iko ne. Sannan ka ɗora a kai abin da Yusifus ya faɗa game da wanda Isiniyawa, waɗanda masana da yawa suke dangantawa da jama'ar Kumran, suka kora: rantsuwar da ya yi ta hana shi cin abincin waɗansu, sai ya koma cin ciyawa har yunwa ta ƙarar da shi, ko da yake tausayi yakan sa su karɓi da yawa a bakin mutuwa. Wannan bayani yana taɓa ni ƙwarai, domin jama'ar tana tsoron wanda ya fita, amma shi ne yake mutuwa a jeji.

Ba wai tsoron ba shi da tushe ba. Tiberiyus Yuliyus Iskandar, ɗan ɗan'uwan Filo, wanda Yusifus ya ce bai tsaya kan al'adun kakanninsa ba, ya mulki Yahudiya daga 46 zuwa 48, ya gicciye 'ya'yan ɗan tawaye Yahuza Bagalile biyu, ya saki sojoji a kan Yahudawan Iskandariya a shekara ta 66, ya kuma kasance babban hafsan Titus, kwamandan Romawa, a yaƙin da ya rushe Haikali a shekara ta 70. Sai dai takobin da ke hannunsa na Roma ne, kuma da sunan muƙaminsa ya zare shi.

Da wannan shiri za ka karanta malaman da suka zo bayan rushewar Haikali. Mishna, kundin dokokin waɗannan malamai da aka tattara a wajen shekara ta 200, ta ce a babi na 10 na sashenta mai suna Sanhedrin dukan Isra'ila suna da rabo a duniya mai zuwa, nan take kuma ta cire mai musun tashin matattu da mai cewa Attaura ba daga Sama take ba. A wani wuri ta ce hukuncin miyagu a Jahannama wata 12 ne, amma Tosefta da Talmud, littattafan da suka yi ƙari da sharhi a kan Mishna, sun ware 'yan bidi'a da masu kai tsegumi ga hukuma, suka ce nasu hukuncin ba shi da wa'adi. Ka tsaya a kan wannan haɗi. Mutanen da ba su da runduna ko sarki, waɗanda kalma ɗaya a kunnen gwamna za ta iya jawo musu kisa, sun ajiye azaba mafi tsawo ga wanda ya san sirrin gida kuma zai iya sayar da shi. Labarin Elisha ɗan Abuya, malamin ƙarni na 2 da ya bar tafarki har aka daina kiran sunansa, ya nuna fuskokin biyu. Talmud na Urushalima ya zarge shi da koya wa Romawa dabarar tilasta wa Yahudawa karya Asabar, amma Talmud ɗin ne kuma ya ce da wuta ta kama kabarin Elisha, almajirinsa Rabbi Meyir ya je ya shimfiɗa mayafinsa a kai yana nema masa tsira.

A aikace, ka tanadi takarda ka rubuta abu uku game da kowane mai ficewa da nassi ya zarga: abin da aka ce ya aikata da hannunsa, ko yana da ikon hukuma a bayansa, da yawan shekarun da ke tsakanin rayuwarsa da rubuta zargin. Tiberiyus zai fito da aiki tabbatacce da iko cikakke da shaidar wanda ya yi zamani da shi. Maƙaryacin Kumran zai fito ba suna, ba kuma wata murya sai ta abokan gabarsa. Elisha kuwa, sama da shekara 200 ne tsakaninsa da Talmud na Urushalima da aka kammala a wajen shekara ta 400, saboda haka zargin da ke kansa ka shigar da shi a layin abin da malaman ƙarni na 4 suke tsoro, kada ka shigar da shi a layin abin da ya tabbata ya faru a ƙarni na 2.