Yadda za ku zaɓi bishiyar da za ku dasa a unguwa, baƙuwa ko ta gida

Duk wanda ya kwana a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ya san zafin nan da ke haura digiri 40, shi ya sa yanzu ko'ina ka juya matasa na haɗa kuɗi su sayo dashe su jera a bakin titi da filin makaranta. Abu ne mai kyau wallahi. Amma sai ka ga an fara musu, wasu su ce a dasa na gida kawai, wasu kuma su ce ai na waje sun fi saurin girma, daga nan sai damina ta wuce ba a dasa komai ba.

Toh abu na farko, kafin ku je wajen masu sayar da dashe ku zauna da mutanen da za su rayu da bishiyar. Mai unguwa, liman, mai shayi, masu adaidaita da ke fakewa a wurin, da matan gidajen da ganyen zai riƙa zuba a ƙofarsu don su ne masu shara. Kar ku tambaye su baƙuwa ko 'yar gida, ku tambaye su me suke so, inuwa ce ko 'ya'ya ko tare iska da ƙura. Za ku sha mamaki, domin mutumin da ke cewa baya son bishiyar waje shi ne zai ce a sa masa darbejiya da mangwaro, alhali duk biyun daga yankin Indiya aka kawo su, zogale ma haka, gwaba kuma daga nahiyar Amurka. Darbejiyar nan ita ce ta fi yawa a zoben itatuwan da aka fara zagaye Yamai da shi a 1965, ita kuma aka jera ta tare iska a kwarin Majiya na Nijar tun 1975. Mutane sun karɓe ta ne don ta yi musu aiki.

Sannan ku saurari tsoron mutane da girmamawa. Akwai gidajen da ba za su yarda da tsamiya ko kuka kusa da su ba saboda maganar aljanu, in kun matsa musu da dare ɗaya za a tuge ta. Irin waɗannan ku kai su babban fili ko makaranta inda suke da sarari, dama kuka ba bishiyar lungu ba ce.

Bayan nan ku duba halin kowace bishiya da ruwa da kuma saiwa, nan ne ake yawan yin asara. Itacen turare daga Ostireliya yake, yana tashi da sauri amma shan ruwansa ba kaɗan ba ne, kar a sa shi kusa da rijiya ko lambu. Darbejiya na jure fari sosai, sai dai saiwarta na fasa katanga da kwata, a ba ta kamar mita biyar ko fiye daga gini. Doguwar siririyar nan da ake jerawa a jikin katangar manyan gidajen Abuja kyau ne kawai, inuwarta ko akuya ba ta isa ba, in inuwa kuke nema kar ku ɓata kuɗinku. Duk wata baƙuwa mai ƙaya da dabbobi ke cin 'ya'yanta suna baza irin ko'ina ku guje ta, mutanen gaɓar Tafkin Chadi sun ga yadda irin wannan ke cinye fili.

Ni dai a ganina kar a dasa iri ɗaya tal a titi guda, in cuta ta shigo za ta kwashe su gaba ɗaya. A gauraya. Mai saurin girma ta ba da inuwa cikin 'yan shekaru, a tsakaninsu kuma a sa maɗaci, cediya, durumi, aduwa, da gawo wanda ke zubar da ganye da damina ya fito da sabo da rani, wato daidai lokacin da ake neman mafaka. Maɗaci kam sai an sa ido, masu neman magani na sassaƙe ɓawonsa har ya mutu.

Dashen kansa a yi shi da ruwa ya zauna, Yuni zuwa Yuli. Rami kamar rabin mita zurfi da faɗi, a cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, a cire ledar kafin a binne, a kewaye da bulo ko ƙaya saboda awaki. Kuma tun ranar a rubuta sunan gidan da ya ɗauki nauyin kowace ɗaya, domin rani biyun farko sai da ban ruwa, ko da ruwan alwala ne ko na wankin shinkafa da yamma.