Kurakuran da aka fi yi wajen auna nagartar ƙaramar sakandaren gwamnati mai ƙarancin kuɗi

Duk shekara, idan lokacin shigar yara ƙaramar sakandare ya ƙarato, iyaye kan zo wurina su tambaye ni ko makaranta kaza tana da kyau, amma kafin in buɗe baki sai in tarar sun riga sun yanke hukunci. Wani ya ga rufin aji ya yaye, ya ce ba makaranta ba ce. Wani kuma ya ji an ce yawancin ɗalibanta sun ci jarrabawar fita a bara, ya ce magana ta ƙare. Na gaji da ganin ana maimaita kurakurai iri ɗaya, musamman da yake ni ma na yi wasu daga cikinsu, kuma 'yata ce ta ɗauki nauyin hasarar.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo shi ne ɗaukar sakamakon jarrabawar ƙarshe a matsayin ma'aunin aikin makaranta. Shekarun baya na cire 'yata daga wata makaranta da sakamakonta bai taka kara ya karya ba, na kai ta wata da kowa yake yabo saboda kusan duk ɗalibanta suna wucewa. Sai da zango biyu suka shuɗe na fahimci abin da ke ƙarƙashin wannan yabo. Yawancin yaran da suke cin jarrabawar suna da malaman da iyayensu ke biya su koyar da su a gida da yamma, wato makarantar tana karɓar godiya ne a kan aikin da ba ita ta yi ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne, yaran da aka ga alamar za su faɗi, ana matsa wa iyayensu lamba su mayar da su wani wuri, ko kuma a hana su zama jarrabawar, domin kada su ɓata wa makarantar lissafi. 'Yata, wadda ta shiga da rauni a lissafi, an ajiye ta a bencin baya, babu wanda ya ƙara waiwayarta, alhali kuwa a makarantar da na raina akwai wata malama da take tsayawa da ita bayan an tashi har sai ta gane darasi. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai an yi dubu kafin a fito: mun shafe fiye da shekara guda kafin yarinyar ta daina tsoron darasin lissafi.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce ga masana. Tun a 1966, binciken da James Coleman ya jagoranta a Amurka, wanda ya haɗa ɗalibai sama da 600,000, ya nuna cewa bambancin da ake gani a sakamakon yara ya fi alaƙa da halin gidajen da suka fito fiye da kayan da makarantunsu suka mallaka. Ma'anar wannan ita ce, makarantar da take ɗaukar 'ya'yan masu ilimi za ta iya fitar da sakamako mai kyau ko da koyarwarta ba ta da wani armashi, wadda kuma take ɗaukar 'ya'yan talakawa za ta iya yin aiki tuƙuru amma alƙalumanta su fito ƙasa. Sannan duk lokacin da aka mayar da sakamakon jarrabawa shi kaɗai abin da ake hukunta malamai da shi, to an buɗe ƙofar maguɗi. A birnin Atlanta na Amurka, binciken da gwamnatin jihar Jojiya ta fitar a 2011 ya gano malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 da hannu a gyara amsoshin ɗalibai a jarrabawar 2009, kuma a 2015 kotu ta sami 11 daga cikin waɗanda aka gurfanar da laifi. Makarantun da aka yi ta yi wa tafi saboda makinsu ya yi tashin gwauron zabi, daga baya aka gane yaransu ba su koyi abin da takardun suka ce sun koya ba.

Abin da nake yi yanzu shi ne in tambayi tazarar da yaro ya yi tsakanin ranar da ya shigo da ranar da ya fita. Nakan nemi a nuna mini adadin waɗanda aka ɗauka a aji ɗaya shekaru uku da suka wuce, da adadin waɗanda suka zauna jarrabawar fita a bana, domin idan an ɗauki 200 amma 110 ne suka zauna, to tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ina sauran 90 suka tafi. Bayan haka nakan roƙi a ba ni littattafan rubutu na yara uku daga aji guda, kuma ni nake zaɓa da kaina, ɗaya daga gaba, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga can baya. Ina buɗe shafukan farkon shekara in kwatanta da na makon jiya. Idan rubutun yaron baya ya ƙaru da tsawo da ma'ana, idan akwai jan biron malami yana gyara kuskure kuma yaron ya sake yin aikin, to ana koyarwa a wannan makaranta ko da tagoginta babu gilashi. Idan kuwa littafin cike yake da abin da aka kwafa daga allo, babu aikin yaro na kansa, babu gyara tun watanni biyu, to babu wani sakamakon jarrabawa da zai sa in amince da ita.

Kuskure na biyu, wanda shi ma ya taɓa cutar da ni, shi ne kai ziyara a ranar da aka shirya wa mutum. Lokacin da na je duba waccan makaranta da ake yabo, na sanar tun mako guda kafin zuwana, shugaban makarantar ya tarbe ni a ofishinsa, ya nuna mini kofuna da takardun yabo, ya zagaya da ni ajujuwa biyu da shi ya zaɓa, na koma gida ina murna. Ban ga makarantar ba, na ga abin da aka so in gani ne kawai. A nan dole in yi wa iyaye faɗa, domin abin yana ba ni takaici matuƙa: mutum zai sayi tsohuwar mota, ya kira makaniki, ya buɗe inji, ya tuƙa ta a hanya mai gargada kafin ya biya, amma wurin da ɗansa zai shafe shekaru uku na rayuwarsa, a daidai shekarun da halinsa yake ginuwa, sai ya wadatu da hirar minti goma a ofis da maganar maƙwabci. Wannan sakaci ne, kuma talaucin makaranta ba hujja ba ce ta yin sa.

Dalilin da ya sa ziyarar ba-zata take da muhimmanci shi ne, babbar hasarar makarantun da ba su da kuɗi ita ce lokacin koyarwa da yake salwanta ba tare da an rubuta shi a ko'ina ba. Wani bincike da aka wallafa a 2006, wanda masu binciken suka riƙa shiga makarantun firamare ba tare da sanarwa ba a ƙasashe shida, wato Bangaladash da Ekwado da Indiya da Indonesiya da Peru da Yuganda, ya tarar da kimanin kashi 19 cikin ɗari na malamai ba sa wurin aiki a lokacin ziyarar. A Indiya adadin ya kai kashi 25 cikin ɗari, kuma kusan rabin malaman ne kawai aka samu suna koyarwa. Jadawalin da ke manne a bangon ofis ba zai taɓa nuna wannan ba. Saboda haka al'adata ita ce in je sau biyu, ba tare da na faɗi rana ba, bayan na nemi izinin ziyara tun farko cikin ladabi. Zuwan farko da safe ne kafin a kaɗa ƙararrawa, domin in ga ko darasin farko yana farawa a kan lokaci. Na biyu kuwa bayan hutun tsakar rana, a ƙarshen mako, domin a wannan lokaci ne makarantar da ba ta da shugabanci take watsewa. Ina tafiya a baranda in ƙirga ajujuwan da malami yake ciki yana koyarwa da waɗanda aka bar wa shugaban aji yana rubuta sunayen masu surutu. Gani ya kori ji.

Akwai kuma masu hukunta makaranta da gininta, kuma suna kuskure ta fuska biyu. Wasu suna ganin fenti da shinge da ɗakin kwamfuta sai su saki jiki. A ƙasar Peru an raba wa yaran makarantun karkara ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin wani babban shiri, amma binciken da aka fitar a 2012 bai ga wani ƙari a makinsu na lissafi da harshe ba. A Kenya ma, binciken da Michael Kremer da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 ya nuna cewa raba littattafan karatu ya amfani yaran da dama can suke kan gaba ne kawai, domin littattafan sun fi ƙarfin sauran. Kaya ba sa koyarwa sai da malamin da ya san yadda zai yi amfani da su da yaran da ke gabansa. Wasu kuma, da suka ji irin wannan bayani, sai su wuce gona da iri su ce kuɗi ba su da wani tasiri, wanda shi ma ba gaskiya ba ne. Akwai abubuwan gini da ba na yi musu uzuri ko kaɗan: banɗaki mai ƙofa da ke rufuwa, wanda aka ware na 'yan mata daban, da ruwan sha, da rufin da ba ya yoyo a kan yara, da allon da na baya zai iya karantawa. Yarinya 'yar shekara 12 ko 13 da ta fara al'ada, idan babu banɗakin da za ta shiga da sirri, za ta riƙa zama a gida kwanaki a kowane wata, kuma babu ƙwarewar malami da za ta cike wannan giɓi. Abin da nake dubawa shi ne yadda aka kashe ɗan abin da ake da shi. Makarantar da ta gyara banɗakin ɗalibai ta bar ofishin shugaba da tsohuwar kujera ta faɗa mini abin da take fifitawa.

Wani kuskure da ba a cika lura da shi ba shi ne zaton cewa duk yaron da ya shigo ƙaramar sakandare ya iya karatu. A 2019 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 53 cikin ɗari na yara a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi a shekara 10. Waɗannan yara ne suke cika ajin farko na ƙaramar sakandare, kuma manhaja ba ta jiran su. Don haka tambayar da nake yi wa kowane shugaban makaranta ita ce: me kuke yi da yaron da ya zo muku bai iya karatu ba? Wanda ya ce ba su da irin waɗannan yara, ko dai bai san makarantarsa ba, ko kuma ba ya son faɗar gaskiya. Wanda ya ce suna gwada su a makon farko, suna ware musu lokaci ana koya musu daga inda suka tsaya, shi ne yake riƙe da makaranta. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna ne a kan wannan hanya ta haɗa yara gwargwadon abin da suka iya maimakon shekarunsu, kuma hanya ce da ba ta buƙatar sabon gini, sai dai tsari da haƙuri.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Kada a ɗauki shirun aji a matsayin tarbiyya, domin ajin da tsoron bulala ya rufe wa baki ba a tambaya a cikinsa, kuma inda ba a tambaya da wuya a fahimta. Kada a tsaya ga takardun shaidar malamai kawai. A tambayi shekarun da malaman lissafi da kimiyya da harshe suka yi a wurin, domin makarantar da ake sauya mata malamai kowace shekara kullum daga farko take farawa. Yawan ɗalibai a aji abin dubawa ne, amma na ga aji mai cunkoso da malami ya san sunan kowa, na kuma ga ƙaramin aji da malami bai san wanda bai zo ba. Sunan da makaranta ta yi shekaru goma da suka wuce, na alheri ne ko na sharri, ya tafi tare da shugaban da ya jawo shi. Kuma kada a dogara da maganar uba ɗaya da ya fusata, ko ɗaya da ɗansa yake zuwa na farko a aji.

Mutanen da na fi amfana da maganarsu su ne ɗaliban kansu, kuma su ne aka fi mantawa da su. Idan an tashi, nakan tsaya da iyaye biyu ko uku a bakin ƙofa, in nemi izininsu in yi wa yaransu tambayoyi guda uku: darasi nawa aka yi muku yau, wane malami ne za ka je wurinsa idan wani yana cin zalinka, kuma yaushe aka duba littafinka na ƙarshe? Yaron da ya ambaci sunan malami nan take a tambaya ta biyu ya ba ni labarin da babu ofishin da zai ba ni. Daga nan sai in nemi ganin rajistar halarta ta aji ɗaya, in duba ko akwai yaran da suke rasa kwana ɗaya cikin kowane goma, sannan in tambayi malamin ajin ko an je gidajensu, kuma wa ya je.